Ranar da Mijinyawa Maɗori Ya Yi Duka

Duk wanda ya taɓa karyewa tsakanin Kabo da Gwarzo ya san zauren Malam Mijinyawa maɗori, wanda bai taɓa karyewa ba kuwa ya raka wani. Zauren ƙasa ne, kullum cikin ƙamshin man shanu, ga damin karan dawa jingine a lungu, ga wankakkun tsummoki a kan igiya. Za a shigo da ƙato a kan amalanke, gemu har ƙirji, yana kiran uwarsa da ta daɗe a kabari. Kafin a jima sai ka gan shi a kasuwa yana taya akuya, yana cika baki wai shi ko uffan bai ce ba ranar da aka ja ƙafar.

Gidan na da doka tun kaka da kakanni: hannun ɗori ba ya duka. Wanda zai gaji sana'ar, daga ranar da ya yi wayo ba ya marin mutum, ba ya zabgar jaki, ba ya jifan kare. Wasu maɗoran sukan karya ƙafar kaza su ɗaure ta tare da ta majinyaci, su gidan Mijinyawa ko wannan ba sa yi. Cewa suke hannun da ya san daɗin karyawa, ƙashi ba ya yarda da shi. An ce wani baffansa ya taɓa kwaɗa wa matarsa mari a kan miya, tun daga ranar duk ƙafar da ya ɗora sai ta fito kamar lauje, har ya haƙura ya koma sayar da gishiri. Shi Mijinyawa ya tsufa bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Matarsa Dela, wadda bakinta ya fi barkono, ta gwada shi iya gwaji, kuma ta sha faɗa a gidan biki cewa macen da ta samu irin wannan dama ta yi shiru, to ta yi asara.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yan Hisba na zagayawa suna wa'azi, abin duniya kuwa ya yi tsada. Taki ya gagari talaka, fetur sai a galan a bakin titi, asibiti in ka je har safar hannun da za a taɓa ka da ita kai za ka saya. Saboda haka zauren bai taɓa cika irin na lokacin ba, ga idon tsoho ya fara hazo, ga baya yana ƙara in ya sunkuya.

Magaji ɗaya gare shi. 'Ya'yansa duk mata ne in ban da namiji guda da Allah ya karɓi abinsa, ya bar yaro mai suna Zainulabidin. Zainu ya zama saurayi, ya gama sakandare, aiki babu, makarantar gaba babu, sai noma da riƙe majinyata in kakansa zai ja ƙashi. Ya san jera kara, ya san ɗauri, ya san bambancin targaɗe da tsagewa. Abin da ya rage a tofa masa addu'ar gidan a tafin hannu, a raɗa masa ita a kunne. Ita kuwa ba a riƙe ta mutum biyu a zamani ɗaya, in ka bayar ka sauka ke nan. Mijinyawa ya yi niyya da an kai amfanin gona gida zai bayar. In kuma hannun yaron ya ɓaci, to ɗori ya ƙare a gidan, za a binne shi tare da tsoho.

Ana haka aka kawo Nasir ɗan acaɓa da hannu yana reto.

"Babur ne ya kayar da kai?" in ji Mijinyawa yana laluben wurin.

"A'a, Baba."

"Rami ka faɗa?"

Abokin da ya kawo shi ya kasa riƙe dariya. "Baba, tashi sama ya yi. Daga gidan gem ɗin Nata'ala muka fito, wai zai nuna mini yadda ake dukan ƙeya da ƙafa. Ni kuwa na sunkuya. Sai ji na yi tim a kwata."

Gidan gem wani shago ne da Nata'ala ya buɗe kusa da tasha, inda samari ke zama gaban talabijin suna sa mutanen ciki suna faɗa. Mijinyawa ya taɓa jin labarinsa sama-sama, kamar yadda ake jin labarin teku.

Zainu ya danne kafaɗar Nasir, tsoho ya ja. Da Nasir ya gama salati ya dawo hayyacinsa, sai haushi ya kama shi.

"Ku daina kallona kamar ni na kawo abin garin nan. Wannan da ya danne ni ai shi ne uban tafiyar, ba mai cin sa a Kabo. Jiya a gabana ya karya wa mutum baya, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa."

Hannun tsoho ya tsaya a kan tsumma. "Mutum?"

"Na cikin talabijin, Baba."

Mijinyawa ya ƙarasa ɗaurin.

Magana kuwa ta riga ta fita. Aka yi wa'azi a kai ranar Juma'a, cewa abin da ido ya saba gani hannu zai saba yi. Mata a wurin injin markaɗe suka ce a wani gari, kullum dai wani gari ne, ba a taɓa faɗin sunansa, yaro ya tashi daga gem ya shaƙe ƙaninsa. Wata ta ce ita ta lura idon Zainu ya canja. Dela ta ajiye bokitinta ta ce angonta Zainu ko sauro ne ya sauka a jikinsa sai ya roƙe shi ya tashi, kuma mai ganin canji a idon mazan mutane ta fara duba na mijinta.

Tsoho dai abin ya tsaya masa a rai. Ya sami jikan yana fiƙe kara a zaure.

"Kai, ɗan nema. An ce kana dukan mutane."

"Ba mutane ba ne, Tsoho. Zane ne."

"Zanen yana da ƙashi?"

Zainu ya ɗan yi tunani. "Yana da shi."

"Yana karyewa?"

"Har ƙara yake yi."

"Wa ke karya shi?"

Zainu ya dubi hannunsa.

To ka ji inda gizo ke saƙa. Kakannin da suka kafa dokar sun san mari, sun san sanda, sun san jifa. Ba wanda ya bar wasiyya a kan mutumin da ke cikin gilashi. Mijinyawa ya juya abin ya juya, ya ga babu wanda zai tambaya, don duk masu amsar suna maƙabarta. Sai ya ɗauki sandarsa bayan azahar ya nufi tasha.

Shagon a buɗe yake wangame, don 'yan Hisba sun ce kada a sa labule kuma a rufe lokacin salla. Janareta na tari a waje. Samari na ganin wanda ya yi sallama suka miƙe, har da Zainu a cikinsu, wani ya ɓoye rake a bayansa kamar shi ne laifin. Nata'ala ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi Inna Dela, ya tambayi masu jiki, yana yi yana satar kallon titi ko akwai wasu a biye.

"Ni kaɗai ne," in ji Mijinyawa. "Kallo na zo. Kai, Zainu, zauna ka yi abin da ka saba."

Zainu ya zauna. A hannunsa akwai wani abu mai ƙaho biyu kamar kan ɗan maraƙi, wanda suke kira fad, igiyarsa ta tafi cikin wani ɗan akwati a ƙarƙashin talabijin. Aka ba tsoho benci har gaban gilashin saboda idonsa.

Ya taɓa ganin talabijin, ba baƙauye ba ne. Amma na talabijin da ya sani harkarsu suke yi, ko ka kalla ko kada ka kalla. Waɗannan kuwa jira suke. Wani ƙato mai sanƙo da sarƙa a wuya, da wani siriri mai shuɗin wando, suna tsaye suna numfashi, kafaɗunsu na hawa suna sauka. Zainu ya motsa babban yatsa kaɗan, siririn ya taka. Ya sake motsawa, siririn ya tashi sama. Tsigar jikin Mijinyawa ta tashi. Yatsa a Kabo, mutum a cikin gilashi, kuma ba ya musu.

Aka fara. Tsoho ya manta da abin da ya kawo shi, idon sana'a ya buɗe. Da ƙaton ya faɗi a kan gwiwar hannu, ya ce a ransa wannan ta goce. Da aka doke shi a gefe ya naɗe, ya ce haƙarƙari ya tafi. Abin da ya fi ɗaure masa kai, faɗuwar daidai take. Haka kafaɗa ke zubewa, haka wuya ke lanƙwasa, haka ƙafa ke juyawa waje in ƙugu ya bar wurinsa. Duk wanda ya zana wannan, a ko wace ƙasa yake, ya taɓa tsayawa a kan mutumin da ya faɗo daga bishiya.

Ƙaton ya kwanta, kwanciyar da Mijinyawa ya sani sarai, irin wadda ake aika wa dangi. Gilashin ya yi walƙiya. Sai ga shi tsaye, garau, yana girgiza sarƙarsa.

"Ikon Allah," in ji tsoho a hankali. "Wa ya ɗora shi?"

Samari suka ƙyalƙyale. Shi bai yi dariya ba. Abin da yake kwashe makonni yana lallaɓawa da kara da man shanu da addu'a, an yi shi kafin ƙiftawar ido, ba ɗingishi, ba tabo. Ya daɗe yana kallo baki buɗe.

Can ya tuna, ya juya ga jikansa. Ya zaci zai ga cije leɓe da jan ido. Fuskar Zainu kamar ta mai tsintar tsakuwa a cikin wake. Sauran samarin ne ke zillo a kan benci suna kai naushi a iska, shi yatsunsa kawai ke aiki, su ma ba da gaggawa ba.

Amma maɗori ba ya yarda da ido. Ido ya sha ce masa targaɗe ne, hannu ya ce karaya ce. In yana son sanin abin da wannan abu ke zuba wa hannu, sai hannun ya taɓa.

"Miƙo nan."

"Tsoho, a'a."

"Kai ka haife ni?"

Nata'ala har rawar jiki yake, ya nuna masa: wannan naushi, wannan ƙafa, wannan matsawa. Aka bar masa siririn, ƙaton kuwa injin ne da kansa ke tuƙa shi.

Kafin ya gano inda yatsansa yake an shimfiɗe shi. Aka sake, aka kuma shimfiɗe shi. Ƙaton ya tsaya a kan siririn, ya riƙe ƙugu, ya yi wata dariya daga cikin ciki. Mijinyawa an zage shi a duniya, majinyata sun zagi uwarsa da ubansa, Dela ta yi nata, duk ya shanye. Amma ba a taɓa tsayawa a kansa an yi masa wannan dariyar ba.

Ya latsa. Naushin ya sami ƙaton a muƙamuƙi, aka ji ƙas, kansa ya koma baya. Wani abu ya taso daga babban yatsan tsoho, ya bi hannu, ya haye kafaɗa, ya tsaya a ƙeya, mai ɗumi, mai zaƙi kamar zuma farar saƙa. Bai taɓa sanin akwai irin wannan a jikin ɗan Adam ba. Ya ƙara. Ya kuma ƙarawa. Bai san ya miƙe daga benci ba, bai san hularsa ta faɗi ba. Ƙaton ya zube.

"Tashi," in ji Malam Mijinyawa, da wata murya da ba a san shi da ita ba. "Tashi, ɗan banza, in ƙara maka."

Daidai nan aka kira la'asar, Nata'ala ya miƙa hannu ya kashe. Gilashi ya yi baƙi, yatsun tsoho na nan suna latsawa. Zainu ne ya zare fad ɗin daga hannunsa, ya kakkaɓe hular ya miƙa masa.

A hanyar masallaci wani jaki ya tare lungu, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mijinyawa bai ankara ba sai ganin sandarsa ya yi a sama, hannunsa ya ɗaga ta, ya ma zaɓi wurin da za ta sauka, nan bayan kunne. Ya tsaya a haka. Jakin ya dube shi, ya kaɗa kunne, ya wuce abinsa. Tsoho ya sauke sandar da hannu biyu kamar mai sauke tukunyar da ta tafasa. Ashe abin yana nan. Tun yana yaro yake zaton babu shi a jikinsa, ashe kwance yake yana barci, kuma bai tsufa ba ko kaɗan.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, don a Kabo magana ba ta jiran mai ita.

"Sannu da yaƙi, Malam," in ji Dela tana tankaɗe. "An ce ka kashe wani mai sanƙo. In kawo ruwan zafi, ko sai an gama zaman makoki? Ni yanzu ai sai in riƙa kama bakina."

Ya ɗebi ruwan randa a ƙwarya ya tsoma hannuwansa, ya zauna yana kallon su kamar na aro. Da ta ga haka sai ta ajiye rariyar, ta kawo masa fura, ba ta ƙara ko kalma ba, abin da maƙwabta suka ce ba a taɓa gani ba.

Washegari da hantsi aka kawo wani manomi, Hammadu, daga Gude a bayan a-kori-kura. San huɗa ne ya fizge, garma ta bi ta kan ƙwaurinsa. Ƙafar ta kumbura, ta gajarce, tafin ya kalli gefe. Yayansa da wasu maza suka shimfiɗe shi a zaure, yana nishi yana cewa a taimake shi, gonarsa ko rabi bai kai ba.

Mijinyawa ya yi bisimilla, ya shafa man shanu, ya kai hannu. Yatsunsa suka sami bakin karayar, ƙashi ya gogi ƙashi ya yi 'yar ƙara. Nan take ɗumin jiya ya motsa a ƙeyarsa. Kaɗan ne, amma ya ji shi. Ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi.

"Lafiya, Baba?" in ji yayan Hammadu.

"Ku ba ni wuri kaɗan. Kai, zo."

Ya ja Zainu soron ciki. "Zan tambaye ka, kuma Allah na jin ka. In ka doki mutanen nan, me kake ji?"

"Ba na jin komai, Tsoho. Kafaɗar abokin faɗan nake kallo. In ta motsa na san abin da zai yi, sai in jira."

"Haushi fa?"

"Haushin wa?"

"Daɗi?"

Zainu ya sunkuyar da kai. "Da farko na ji. Har tsoro ya ba ni, na daina zuwa. Da na koma sai na ga in na bar shi ya hau kaina ci na ake yi, sai na koyi ajiye shi. Su Nasir har yanzu shi suke zuwa nema. Ni daɗin da ya rage irin na huɗa ne, in ka waiwaya ka ga kunya ta miƙe."

"Ajiye shi," in ji tsoho. "A ina?"

"Yana nan. Na dai san inda yake."

Mijinyawa ya daɗe yana duban yaron. Shi tsawon rayuwarsa gudun abin ya yi, bai ko san kamanninsa ba, rana ɗaya suka haɗu ya kayar da shi a gaban yaran tasha. Wannan kuwa da ake cewa ya lalace, ya gan shi, ya san shi, ya ɗaure shi a turke. Ko kakanni za su yarda da wannan hisabi, Allah masani. Daga zaure Hammadu ya sake yin nishi.

"Buɗe hannunka."

"Tsoho, ai cewa ka yi sai an kai amfani gida."

"Ƙafar mutumin nan za ta jira dawa ta nuna? Buɗe."

Zainu ya buɗe tafukansa. Tsoho ya kama su, ya karanta abin da ya karanta, ya tofa, ya murza har ya shiga. Sannan ya jawo kunnen jikansa ya raɗa masa kalmomin da ubansa ya raɗa masa. Ba su da yawa. Da ya gama sai ya ji bakinsa wayam, kamar an cire masa haƙori.

Suka dawo zaure. Mijinyawa ya zagaya ta wajen kan Hammadu, ya durƙusa, ya danne kafaɗunsa. Mutanen Gude suka dubi juna.

"Baba, yaron ne zai ja?"

"Ku riƙe cinyar da kyau."

Zainu ya zauna a wajen ƙafa. Ya shafa mai, ya bi ƙwaurin da yatsa daga gwiwa zuwa idon sawu, ya dawo. Ya kama dunduniya. Bai ja ba. Hammadu ya ɗaure jiki yana jiran azaba, naman ƙafar ya yi tauri kamar icce, yayansa na cewa a yi a gama mana. Zainu ko kallonsu bai yi ba, idonsa na kan cinyar. Mijinyawa ya san wannan fuskar. Aka yi jim, har Hammadu ya gaji da ɗaurewa ya saki numfashi, naman ya saki. A cikin wannan sakin Zainu ya ja, ya juya kaɗan, aka ji ƙashi ya koma gidansa da wata ƙara mai taushi.

Hammadu ya buɗe baki zai yi ihu, ya tarar an riga an gama.

Tsoho ya leƙo ta saman kansa. Dunduniya biyu sun yi daidai, manyan yatsu biyu na kallon rufin zaure. Shi da kansa, a shekarun ƙarfinsa, sai ya ja sau biyu a irin wannan karaya. Ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi a kan hazo ne.

"Ɗaure," ya ce.

Zainu ya jera kara, ya naɗe tsumma, ya gwada da yatsa ko ya matse da yawa. Yayan Hammadu ya matso ya durƙusa gaban Mijinyawa, ya yi godiya ya yi addu'a, sannan ya ce, "Baba, yaushe za mu dawo da shi a duba? Kuma me zai ci, me zai bari?"

Mijinyawa na goge hannunsa da gefen riga. "Ni riƙo nake yi," ya ce. "Tambayi maɗori."

Mutumin ya juya ya fuskanci Zainu, ya gyara durƙuso. Zainu kuwa sai ya waiwaya bayansa, yana neman wanda ake nufi.